Neman Magadan Marubuci: Wa Ake Yi wa Sallama?

Akwai matakin da mai son littafi ke kaiwa, karatu kaɗai ya daina isarsa. Ya karanta Magana Jari Ce yana firamare, ya sake bi ta kansa da ya girma, ya saya wa 'ya'yansa, sai wata rana tambayoyi su fara cin ransa. Rubutun hannun Abubakar Imam na wannan littafi yana nan kuwa? Akwai labarin da ya rubuta aka cire kafin a kai maɗaba'a? Da marubucin na raye da sai a je a gaishe shi a tambaye shi. To Imam ya rasu tun 1981. Abin da ya rage wa mai ƙaunarsa shi ne ya nemi waɗanda ya bari.

Masu irin wannan nema ba buƙatarsu ɗaya ba. Wani godiya kawai yake son yi, ya ce wa 'ya'yan mamaci littafin mahaifinku ne ya sa mini son karatu, Allah ya jiƙansa. Wani ɗalibi ne mai haɗa kundin digiri. Wani fassara yake son yi, wani yana son karanta littafin a tasharsa ta YouTube, wani kuma fim yake hange. Kowannensu cewa yake yana neman iyalan marubuci, amma na farko zaure da tabarma sun ishe shi, na ƙarshe kuwa sai ya sami wanda doka ta yarda ya sa hannu a takarda. Yawancin ɓacin ran da ake samu tsakanin masu nema da magada daga rashin bambance waɗannan buƙatu yake tasowa.

Dalili shi ne abin da marubuci ke bari ba a hannu ɗaya yake zama ba. Takardun da ya rubuta dukiya ce da ake iya ɗauka a ajiye a akwati. Haƙƙin mallaka, wato ikon bugawa da fassarawa da mayarwa fim, wata dukiya ce daban da ba a ganin ta da ido. Mutum na iya riƙe ɗaya bai riƙe ɗayar ba. In marubuci ya aika wa abokinsa wasiƙa, takardar ta abokin ce, yana iya sayar da ita ko ya ba ɗakin karatu, amma ikon buga kalmomin da ke ciki yana wurin marubucin da magadansa. A kan wannan ne wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta hana Ian Hamilton, a 1987, ya ɗebo daga wasiƙun J. D. Salinger da ba a taɓa bugawa ba ya zuba a tarihin da yake rubutawa, alhali wasiƙun na ajiye a ɗakunan karatun jami'o'i inda ya zauna ya karanta su.

A Nijeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ce haƙƙin littafi yana nan tsawon ran marubuci, da shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. In an bi wannan lissafi, waƙoƙin Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, za su zama na kowa bayan 2028. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa sai bayan 2036, ayyukan Imam kuwa sai bayan 2051. Sai dai lissafin shekaru ba ya gaya maka wa ke riƙe da haƙƙin a yau. Littattafan ƙagaggun labarai na farko na boko a ƙasar Hausa daga ofishin gwamnati suka fito. Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi duk 'ya'yan gasar da Rupert East ya shirya ne a 1933. Magana Jari Ce kuma an aro Imam ne daga makarantar Midil ta Katsina a 1936, ya zo Zariya ya zauna ya rubuta. Daga wancan ofishin gwamnati, wato Hukumar Talifi, aiki ya bi ta Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, ya bi ta hukumar NORLA, ya faɗo hannun maɗaba'ar NNPC da aka kafa a 1966. Littafin da aka rubuta a bakin aikin hukuma yana da nasa hukunci a doka, wanda aka yi yarjejeniya da kamfani a kansa kuma takardar yarjejeniyar ce ke magana. Saboda haka mai son fassara ko fim, kafin ya doshi gidan kowa, ya buɗe bayan shafin farko na littafin ya ga sunan wa aka rubuta, ya fara da maɗaba'ar. Sau da yawa iyalan da yake wahalar nema kason ciniki kawai suke karɓa, ikon ba da izini yana wani wuri.

In kuma ya tabbata haƙƙin na iyali ne, a nan ne al'amarin ke ɗaukar kamannin da ya keɓanta da mu. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zaman da ta yi a Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin talifi haƙƙi ne da shari'a ke karewa, malamai da yawa kuma suna lissafa shi cikin abin da ake gada. To ga mutum ya rasu ya bar mata uku da 'ya'ya goma sha biyar. Mata sun raba tumuni, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. An yi wa gida kuɗi, an ja igiya an raba gona. Littafi fa? Haƙƙin littafi ba gona ba ce da za a ja mata igiya, kuma a zaman rabon gado da wuya ka ji wanda ya tuna da shi, ko alƙali ko magada. Sai ya zauna na kowa da kowa. Shekara ashirin ta wuce, wasu cikin 'ya'yan sun rasu, rabonsu ya gangara ga nasu matan da 'ya'yan, yanzu masu haƙƙi sun kai hamsin, wasu a Kaduna, wasu a Legas, wata tana aure a Maraɗi, kuma rabinsu ba su san suna da wani abu a ciki ba.

Mai nema ya zo ya sami babban ɗa. An yi masa shimfiɗa, an kawo ruwa, an yi addu'a ga mamaci. Ya faɗi abin da ke tafe da shi. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, mun gode da wannan ƙauna da kake yi wa Baba. Amma ka san ba ni kaɗai ba ne. Bari in tuntuɓi 'yan'uwa." Baƙo ya tafi yana ganin an ja masa rai. Ni ina ganin gaskiya dattijon ya faɗa. Ba shi da ikon ya ba da abin da ba nasa shi kaɗai ba, kuma ya san in ya sa hannu, gobe ƙaninsa na ɗakin wata zai ce an sayar da littafin Baba an cinye kuɗin. Da ya jawo wa gida wannan rigima gara ya bar maganar ta kwanta. Haka ayyuka da yawa suke mutuwa a wurinmu, babu wanda ya ce a'a, babu kuma wanda ya isa ya ce e.

A Turai da Amurka marubuci kan naɗa wasiyyi na musamman domin littattafansa, daga baya abin ya zama ofis mai lauya da adireshi. Mai nema ya san inda zai aika wasiƙa. Amma kada mu ɗauka sun huta. Jikan James Joyce, Stephen Joyce, ya shafe shekaru yana hana masu nazari ɗauko ko da 'yan layuka daga rubutun kakansa. A 1988 ya faɗa a bainar jama'a cewa ya lalata wasiƙun da gwaggonsa Lucia ta aiko masa. A 2004 sai da majalisar ƙasar Ireland ta yi wa doka gyaran gaggawa kafin ɗakin karatun ƙasa ya iya baje kolin takardun Joyce ba tare da tsoron ƙara ba. Masu nazari ba su sarara ba sai da wa'adin haƙƙin ya cika a Turai a ƙarshen 2011. Franz Kafka kuwa, da ya rasu a 1924, wasiyya ya bar wa amininsa Max Brod ya ƙone duk abin da bai buga ba. Brod ya ƙi, ya buga, duniya ta amfana. Ya tsere da takardun daga Prague a 1939, da ya rasu a 1968 suka koma hannun sakatariyarsa, ta sayar da wani sashe, aka yi ta shari'a da 'ya'yanta har 2016, lokacin da kotun ƙolin Isra'ila ta ce a miƙa su ga ɗakin karatun ƙasar. Akwai kuma magajin kirki. Christopher Tolkien ya ba da fiye da shekara arba'in yana tsefe takardun mahaifinsa yana fitar da su juzu'i bayan juzu'i. Wasiyyi ɗaya mai iko yana iya zama alheri, yana iya zama katanga. Abin da tsarinsu ya fi namu da shi guda ne: an san wanda za a tambaya.

Amma mu ma muna da misalin da ya isa a yi koyi da shi, kuma a Sakkwato yake. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta rasu a 1864, ta bar rubuce-rubuce da Fulatanci da Hausa da Larabci. Mata 'yan taru sun riƙe wasu waƙoƙinta a ka, amma takardun sun zauna a gidan mijinta, Waziri Giɗaɗo, suna gangarowa hannu zuwa hannu har suka iso ga Waziri Junaidu. Jean Boyd, Baturiyar Ingila, ta zauna Sakkwato shekaru masu yawa tana koyarwa, ta iya Hausa, ta san mutanen gari sun san ta, kafin Waziri ya buɗe mata waɗannan takardu. Daga nan littafinta na tarihin Nana ya fito a 1989, sannan a 1997 ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukan Nana mai shafi fiye da 700, a shekarar da Waziri Junaidu ya rasu. Abu biyu suka haɗu a nan. Gidan yana da mutum ɗaya da kowa ya yarda shi ne mai magana, kuma malami ne da ya san darajar abin da ke hannunsa. Mai neman kuma ba ta zo da gaggawa ba. Babu wata takardar izini da za ta iya maye gurbin shekarun da ta yi ana ganin halinta.

Waziri Junaidu ba a kowane gida ake samunsa ba. A yawancin gidaje abin da za a fito wa baƙo da shi, in an yarda da shi, tsohuwar adaka ce ta ƙarfe da aka jawo daga ƙarƙashin gado. An buɗe, warin daɗewa ya buso. A sama rasiɗan haraji ne da katin asibiti da hotunan aikin hajji. A ƙasa ga littafin makaranta mai layi-layi, cike da rubutun alƙalamin ruwa, ga gafaka da fatarta ta bushe, cikinta warƙoƙin ajami da ba a ɗinke ba. Irin waɗannan warƙoƙi ba su da lambar shafi. Mai rubutu kalmar farko ta warƙa mai zuwa yake sa wa a kusurwar ƙasa, da ita ake gane jeri. In yaro ya taɓa watsa su, sai wanda ya iya karatun zai mayar da su yadda suke. Gefe ɗaya gara ta ci ta bar ƙasa, wani gefen ruwan wata damina ya shiga tawada ta narke. A gidajen malamai kuma akan raba littattafai a gado kamar sauran kaya, har littafi guda ya rabu, farkonsa a gidan wa, ƙarshensa a gidan ƙane. Wanda ya taɓa ganin wannan da idonsa ba ya sake cewa bari sai na sami lokaci.

Wasu tarin sun tsira ne don sun bar gida. Ɗakin karatun Umar Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano da ya rasu a 1962, mai ɗauke da takardu fiye da 3,000, yana Jami'ar Northwestern a Amurka. Abin da ciwo a ce ɗalibin Kano sai ya nemi biza kafin ya taɓa takardun mutumin garinsu, amma takardun suna nan, an yi musu jeri, gara ba ta kai gare su ba. A gida ma akwai wuraren ajiya: Gidan Arewa a Kaduna, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, hukumar tarihi da ke ɗauke da sunan Waziri Junaidu a Sakkwato, Gidan Ɗan Hausa da Gidan Mambayya a Kano, da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH a Yamai. Mai nema ya leƙa waɗannan tukuna. Ya kuma karanta abin da aka riga aka tattara: tarihin rayuwar Imam da Abdurrahman Mora ya shirya aka buga a 1989, littafin Ɗandatti Abdulƙadir na 1974 kan Sa'adu Zungur, da tarin rubuce-rubucen Zungur da A. M. Yakubu ya fitar a 1999. Rashin ladabi ne ka tayar da dattijo ka sa shi maimaita abin da ke cikin littafin da ba ka karanta ba.

Sai maganar da masu nema ba su cika son ji ba. Gidajen da suka rufe ƙofa, galibi wani ne ya riga ka zuwa. Ya zo da fara'a, ya ce aro yake so, zai yi hoton takardu ya dawo da su ranar Juma'a. Shekara goma ke nan. Ya sami digirinsa, ko kwafin kundin bai aiko ba. Wani ya karɓi hoton mamaci guda ɗaya tak da iyali ke da shi. Wani ya zauna an saki jiki da shi an ba shi labarin cikin gida, sai ga shi a jarida. A yau kuma an sami sabon salo, a ɗauki littafin mamaci a buga shi a waya a watsa a WhatsApp, ko a karanta shi a intanet ana karɓar kuɗin talla, marayun da ya bari ba su san ana yi ba. Duk wanda ya zo bayan waɗannan shi ke biyan bashinsu, kuma bai kamata ya ga laifin masu gida ba.

Haka nan iyali suna da haƙƙin su ce wannan ba na jama'a ba ne. Mai karatu gwarzonsa yake nema, su kuwa mahaifinsu ne, mai fushi da bashi da kishiyoyi kamar kowa. Wasiƙar da ya rubuta wa matar da ya saki ba ta zama ta duniya don ya iya rubuta littafi ba. A nan ina tare da su. Inda na rabu da su shi ne ƙonewa, ko barin abu ya ruɓe don tsoron kada a gani. Akwai hanya tsakanin bazawa da hallakawa. Ana iya ajiye takardu a ma'ajiya bisa sharaɗin ba za a buɗe ba sai bayan shekara talatin ko hamsin, lokacin da waɗanda abin zai sosa sun wuce. Ana iya yin waƙafinsu. Magajin da ya ƙone takarda ya yanke hukunci ne a madadin jikokin da ba a haifa ba, kuma hukunci ne da ba shi da gyara.

Shi kuma mai nema, hanyar da ta fi kai mutum ita ce wadda aka saba bi a kowace hulɗa ta mutunci. Saƙon Facebook zuwa ga jikan da ba ka sani ba, kana tambayar ko akwai takardun kakansa, da wuya ya haifi komai. A nemi ɗan rakiya da gidan ke jin nauyinsa, tsohon almajirin mamaci, ko limamin unguwa, ko malamin sashen Hausa da ya taɓa hulɗa da su. Kada a je ana cikin zaman makoki ko mata na takaba. Zuwan farko na gaisuwa ne, zumunci a ƙafa yake. In an kai ga buɗe adaka, wayar hannu ta wadatar, a ɗauki hoto a nan zaure a gaban masu abu, kada warƙa ɗaya ta ƙetare ƙofa, sannan a dawo musu da kwafi a buge a ɗinke. In akwai kuɗi a cikin abin da ake shirin yi, a faɗa tun farko, a rubuta, a sa shaidu, a kuma roƙi magada su wakilta mutum ɗaya a rubuce. Abin da ake yawan mantawa kuma shi ne cikin gida. Matar marubuci da 'ya'yansa mata su ne suka ga lokacin da yake rubutu, su suka share ɗakin, sau da yawa su suka haddace baitocin da ba a taɓa bugawa ba. Namiji baƙo iyakarsa zaure. Ya tafi da matarsa ko ƙanwarsa ta shiga ta gaida Hajiya, ta nemi izinin naɗar muryarta. Takarda tana iya jiran wata shekara in an raba ta da gara, tsohuwa mai shekara tamanin da biyar ba ta da wannan tabbaci.

Wani lokaci ziyarar baƙo ce ke farkar da gida, su gane abin da suke kwana a kansa, wani lokaci kuma daga cikin gida farkawar ke zuwa. Marubuci Christopher Okigbo ya mutu a yaƙin basasa a 1967 'yarsa Obiageli tana ƙarama ƙwarai. Ta girma ta bi sawun takardunsa, ta kafa gidauniya da sunansa a 2005, a 2007 UNESCO ta sa takardun a kundinta na abubuwan tarihin duniya. Ba sai gida ya yi arziki kafin ya yi makamancin wannan ba. Zama ɗaya na 'yan'uwa ya isa a ce wane shi ne mai kula da littattafan Baba, duk abin da ya shigo a raba bisa ƙa'idar gado.

Abin da ya fi damuna shi ne marubutan zamaninmu. Waɗanda suka cika kasuwannin Kano da littattafai tun tsakiyar shekarun 1980 yawancinsu da kuɗinsu suka buga, babu kamfanin da zai riƙe musu fayil, kuma wasunsu sun fara rigaye mu. Na bayansu ma ko takarda ba su da ita. Littafi yana cikin waya, waya tana da lambar sirri, ranar da mai ita ta faɗi babu wanda ya san lambar. Marubuci mai rai yana iya rage wa magadansa wannan wahala da shafi ɗaya: ga littattafaina, ga wanda na yi yarjejeniya da shi, ga inda asalin rubutun yake, ga wanda na wakilta. Ƙungiyoyin marubuta kuma, rassan ANA na jihohi da takwarorinsu na Nijar, suna iya buɗe rajistar mambobinsu da suka rasu, a rubuta sunan kowane da ayyukansa da wakilin da iyalinsa suka amince a tuntuɓa, a riƙa sabunta ta duk shekara a taron ƙungiya. Mutum biyu masu himma da izinin iyalai sun isa su fara ta a reshe ɗaya, sauran rassa su ɗauka.